Tseren zamiya a kan ƙanƙara: abin da ake kallo a gasar Olamfik ta hunturu

Assalamu alaikum masu kallonmu na Maradi da kewaye. A nan garin, ƙanƙara abu ne da muke saya a leda lokacin azumi domin sanyaya ruwan buɗa baki, amma akwai ƙasashen da ake shimfiɗa ta a fili mai faɗi, mutane su ɗaura takalma masu ƙarfe a ƙasa su yi tsere a kanta, har gudunsu ya kai kilomita 60 a awa, wato gudun ɗan kabu-kabu a kan kwalta idan hanya ta buɗe masa. Wannan tsere yana cikin gasar Olamfik ta hunturu tun wadda aka fara yi a garin Shamoni na Faransa a 1924, kuma lambar zinariya ta farko a tarihin gasar a cikinsa aka ci ta, lokacin da Ba'amurke Charles Jewtraw ya lashe mita 500. Mata sai a 1960 aka shigar da tserensu a hukumance.

Ku dubi filin da kyau. Kewayensa mita 400 ne, daidai da filin tsere na 'yan gudun ƙafa, kuma an raba shi layi biyu, na ciki da na waje. A yawancin fannonin tseren, mutum biyu kawai suke tashi a lokaci guda, wanda ya fara daga ciki da farin ƙyalle a damtse, na waje kuma da ja. Da yake layin ciki ya fi gajarta, a kowane zagaye sai su yi musayar layi a miƙaƙƙiyar hanyar da ke baya, domin kowa ya ci tazara ɗaya, kuma idan sun iso wurin musayar kafaɗa da kafaɗa, wanda ke fitowa daga waje shi ne mai hakkin wucewa. A nan ne mai kallo na farko yakan ruɗe. Mu da muka saba da filin kokawa, inda wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ne ya yi nasara a idon kowa, mukan ɗauka cewa wanda ya riga isa cikin biyun nan shi ne gwani. Agogo ne alƙali a wannan wasa. Mutum yana iya tsere wa abokin tafiyarsa da nisa, ya zauna yana haki, sannan wasu biyu su tashi bayansa su ture shi daga jerin masu lamba da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa.

Dokar musayar layi ba ta da sassauci ko kaɗan. A gasar Bankuba ta Kanada a 2010, Sven Kramer na ƙasar Holan ya gama mita 10,000, wato zagaye 25, da lokacin da ya fi na kowa da kusan daƙiƙa huɗu, amma aka soke sakamakonsa, saboda a tsakiyar tseren mai horar da shi ya nuna masa layin ciki alhali na waje ya kamata ya shiga. Zinariyar ta koma hannun Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasan nan shi ne takalmin. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya kai santimita 40 ko fiye a tsawo, amma kaurinsa kimanin milimita ɗaya ne, kamar bayan wuƙar mahauci, kuma a kan wannan siririn abu mutum yake ɗora nauyinsa gaba ɗaya yana shan kwana cikin gudu. Ƙarfen yana zamewa ne saboda saman ƙanƙara yana da wani ɗan laushi mai kama da ruwa, sai dai wannan santsi da ke taimaka masa gaba shi ne ke hana shi tura ƙafa baya kamar mai gudu a ƙasa. Don haka ɗan wasa yakan tura ƙafarsa gefe, ya kafa kaifin ƙarfen cikin ƙanƙara, ya miƙe gwiwa, sannan ya sauke nauyinsa kan ɗaya ƙafar. Shi ya sa daga nesa za ku ga kamar yana lilo a hankali, alhali cinyoyinsa suna ci da wuta.

A tsakiyar shekarun 1990 aka sami sauyin da ya girgiza wasan. Masu bincike a wata jami'a ta birnin Amstadam, ƙarƙashin jagorancin Gerrit Jan van Ingen Schenau, sun ƙera takalmin da ƙarfensa ke maƙale a gaba kawai, da mahaɗi irin na ƙyauren ƙofa, ta yadda diddige zai ɗaga amma ƙarfen ya ci gaba da zama a kan ƙanƙara har sai ƙafa ta gama turawa, sannan ya dawo ya bugi diddigen da ƙara, kamar tafi. Wannan ɗan ƙarin lokacin turawa ya isa ya sa aka karya tarihin duniya a fannoni da dama a gasar Nagano ta Japan a 1998, inda Gianni Romme na Holan ya lashe mita 5,000 da 10,000, kowanne da sabon tarihi.

Babban abokin gabar ɗan tseren nan iska ce. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu a hanyar Tibiri ya san yadda take danne ƙirji, to saboda ita ne suke duƙawa har bayansu ya kusa shimfiɗuwa, su harɗe hannu a baya a dogon zango, su sa matsattsiyar riga mai haɗe da hula. Saboda ita ne kuma filayen da ke kan tudu, inda iska ba ta da nauyi, kamar na Kalgari a Kanada da na Salt Lake City a Amurka, suka zama wuraren da aka fi kafa tarihi.

Ƙasar Holan ce uwa a wannan fage, domin mutanenta sun daɗe suna zamiya a kan magudanan ruwansu idan sun daskare. A gasar Soci ta Rasha a 2014 sun kwashe lambobi 23 cikin 36, kuma 'yarsu Ireen Wüst ta ci zinariya a gasa biyar a jere, daga 2006 zuwa 2022. Sai dai har yau ba a sami wanda ya maimaita abin da Ba'amurke Eric Heiden ya yi a 1980 ba, da ya lashe duka tsere biyar na maza, daga mita 500 har 10,000, abin da a ganina ya yi kama da mutum ɗaya ya ci gudun mita 100 ya kuma ci gudun famfalaƙi a mako guda.

Nijar ba ta taɓa tura ɗan wasa gasar hunturu ba, lambobinmu biyu na Olamfik daga damben Issaka Daboré a 1972 da tekwandon Abdoul Razak Issoufou Alfaga a 2016 suka zo. Amma ga wani labari da ya kamata matasanmu masu yawo da takalmin taya su ji. Erin Jackson, baƙar fata daga jihar Fulorida mai zafi a Amurka, a kan taya ta koyi gudunta, ta girma kafin ta koma kan ƙanƙara, kuma a gasar Beijin ta 2022 ta lashe mita 500 cikin daƙiƙa 37.04, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinariya a wannan tsere.