Sharhi: Gidajen cacar kirifto da katin shaidarka

Jama'a masu sauraro barkanmu da war haka. Yau maganar gidajen cacar intanet ce, irin waɗanda ake zuba kuɗin kirifto a cikinsu, Bitcoin ko USDT, da kuma wannan tantancewar da suke kira KYC, wato ka turo hoton fasfo ko katin ɗan ƙasa, ka ɗauki hoton fuskarka riƙe da katin, wani lokacin har da takardar kuɗin wuta don a ga inda kake kwana.

Hukuncin caca dai a addini ba sai na faɗa muku ba, kowa ya sani, amma matasanmu suna ciki ko mun so ko mun ƙi, to gara a yi maganar.

Abin da masu yin cacar suka fi kuka da shi shi ne lokacin da ake neman takardun. Ranar da za ka zuba kuɗi, da yawa daga cikin shafukan nan imel kawai suke so, babu mai tambayarka sunan babanka, sai ranar da ka ci ka zo cirewa ne za a ce maka dakata malam, turo kaza turo kaza, kuɗinka na hannunsu kuma ba ka da yadda za ka yi, dole ka tura. Su kuma hujjarsu ita ce dokar hana halasta kuɗin haram da hana yara ƙanana shiga caca, kuma gaskiya hujja ce, tun 2019 hukumar FATF, mai yaƙi da halasta kuɗin haram a duniya, ta ce kamfanonin kirifto su san masu hulɗa da su kamar yadda bankuna ke yi. To amma in don yara ne ai a bakin ƙofa ya kamata a tsaya, ba bayan an karɓe kuɗin ba.

Sannan wa kake ba wa katin? Da yawa daga cikin gidajen cacar lasisin tsibirin Kurasawo suke da shi, can yankin Karebiyan, har da Stake da ke cikin manyansu. Shi kansa Stake a watan Satumbar 2023 'yan kutse sun kwashe masa kusan dala miliyan 41, FBI ta ce ƙungiyar Lazarus ce ta Koriya ta Arewa. Wancan kuɗi ne aka sata, ana iya mayarwa. Na Coinbase ya fi ba ni tsoro, kuma shi ba ma gidan caca ba ne, babban kamfanin kirifto ne a Amurka mai bin doka, a watan Mayun 2025 ya fito ya ce an ba wa wasu ma'aikatansa na ƙasashen waje cin hanci sun fitar da bayanan mutane kusan 69,000, suna, adireshi, lambar waya, hoton katin shaida, ɓarayin suka nemi dala miliyan 20. In wannan ya faru da mai ƙarfi irin haka, ina ga shafin da ko ofishinsa ba ka sani ba?

Kuma kar a manta, cinikin Bitcoin a buɗe yake, kowa na iya duba abin da ya shiga da abin da ya fita daga walat, wato asusun da ake ajiye kirifto, suna ne kawai babu. Da zarar an haɗa walat da katinka to an san nawa ka mallaka, nawa aka cinye ka, da gidan da kake. A Faransa a Janairun 2025 an sace David Balland, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Ledger mai ƙera na'urar ajiye kirifto, har yanke masa yatsa aka yi don neman kuɗin fansa na kirifto. A nan gida kuwa ko barazanar "za mu tura wa mahaifinka da surukanka" ta isa a tatsi mutum. Fasuwod ana canzawa cikin minti ɗaya, lambar NIN ɗinka kuwa ita ce har ka mutu.

Najeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023, akwai hukumar NDPC da ake kai wa ƙorafi, sai dai kamfanin da ke Kurasawo, ba shi da ofis a Legas ba shi da a Abuja, ta ina za a kai masa sammaci?