Amsoshin Tambayoyinku: Wata 14 ana kai shi gashi, ƙafa shiru

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Saƙon farko daga wata baiwar Allah ne a unguwar Karantina da ke Jidda. Ɗanta direba ne, ya yi hatsari a hanyar Madina, laka ta taɓu a tsakiyar baya. Yau wata 14 ana kai shi gashi wurin likitan fisiyo, hannuwa lafiya lau, ƙafafu shiru. Ta ce, a ci gaba ne, ko kuɗi kawai ake zubarwa?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ba zan ɓoye miki ba, laka ba ta haɗewa yadda ƙashi ke haɗewa a hannun mai ɗori. Yawancin motsin da zai dawo, cikin wata 6 na farko yake dawowa, daga nan sai kaɗan-kaɗan har shekara ɗaya ko biyu. Ki tambayi likitansa kai tsaye: raunin ya yanke saƙo gaba ɗaya ne, ko da saura? Mai saura ya fi samun damar sake takawa.

To amma ko ƙafa ba ta amsa ba, kuɗinki bai faɗi ƙasa banza ba. Mutumin da hannuwansa ke aiki zai iya koyon juya kansa a gado, ya tashi zaune, ya zame ta kan ɗan allo ya hau keken guragu, ya yi wanka, ya sa wa kansa robar fitsari duk awa 4 zuwa 6. Har mota yana iya tuƙawa idan an mayar da birki da totur hannu. Irin horon da ake bayarwa ke nan a cibiyoyi kamar Birnin Jinƙai na Sultan bin Abdul'aziz da ke Riyad, wanda aka buɗe a 2002. Ki ce wa likitan ya rubuta muku abin da ake so yaron ya iya nan da wata 3, don ku san inda aka dosa.

Sai kuma naki aikin, wanda ya fi wuya. Za ki gan shi yana kokawa da wando, ya mirgina nan ya mirgina can, gumi sharkaf, hannunki yana ƙaiƙayi. Don Allah ki shiga kicin ki bar shi. Iyaye mata da yawa tausayi ne ke sa su mayar da saurayi jariri.

Saƙo na biyu daga Shara Mansur a Makka. Wani bawan Allah ya ce yayansa ya faɗo daga gini ya ji rauni a wuya. Yanzu ga gyambo a ƙugu, ga wani ciwon kai da ke taso masa farat ɗaya, fuska ta yi ja, gumi yana zuba.

Malam, wannan ciwon kan kada ka yi wasa da shi. Masu rauni daga ƙirji zuwa sama, jininsu kan hau nan take idan mafitsara ta cika, ko roba ta lanƙwashe, ko bayan gida ya taru. Ka zaunar da shi, ka sassauta masa tufafi, ka duba robar. In bai lafa ba cikin 'yan mintoci, kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya ta gaggawa a Saudiyya. Gyambon kuwa a kai shi asibiti, kada ya kwanta ko ya zauna a kansa, a riƙa juya shi duk awa 2, dare da rana. Ban da ruwan zafi, ban da lalas, domin fatar da ba ta ji sai ta ƙone bai sani ba. Ga kuma zafin Makka: jikinsa ba ya daidaita zafi kamar da, saboda haka kada a fita da shi da tsakar rana.

Wani kuma ya tambaya ko mai keke zai iya Umra. Ƙwarai kuwa, ana ɗawafi da sa'ayi a kan keke, sai dai ya riƙa ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe duk bayan minti 15 zuwa 30.

Lokaci ya ƙure mana. Mai tambaya kan aure da haihuwa bayan raunin laka, ka yi haƙuri, da saƙonka za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.