Na bi sawun fatake zuwa Salaga da hoto ɗaya a aljihu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar inji, a kan jirgin fito nake. Mun baro Yeji, za mu tsallaka zuwa Makango, daga can sai Salaga. Wannan ruwan da kuke gani a bayana shi ne tafkin Volta. Madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ce ta tare kogi, ruwa ya malale ya cinye gonaki da garuruwa. Bari in juya kyamara. Kun ga waɗancan baƙaƙen itatuwan da suka leƙo daga cikin ruwa? Daji ne a da. Tun ɗazu nake ƙoƙarin ɗaukar su, amma hazon hunturu ya haɗe sama da ruwa sun zama launi ɗaya, ga ƙura, ko minti goma ba na yi ban goge gilashin kyamara ba.

Ga abin da ya kawo ni Gana. Wannan hoton, ku dube shi da kyau. Hajiya ce, kakata ta wajen uba, tana amarya, an ɗauke ta a shagon wani mai hoto a Zangon Kumasi. Ga ɗaurin ɗankwali ya miƙe, ga labulen da aka zana wa gidan bene a bayanta. A Kumasi aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba sai 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Da yaranta da tabarmi da wannan hoton ta hau mota. Mu ma dai mun rama a 1983, har jakar nan ta samu sunan Gana-masgo, saboda haka ba wanda zai yi wa wani gori.

Muna yara dariya muke yi wa Hausarta. Sai ka ji ta ce "yarinyan nan bai ci tuwo ba", mu fashe. To wallahi kwana uku da na yi a Kumasi, ni aka mayar abin dariya. Kowa Hausar Hajiya yake yi, ni ne mai baƙon harshe. Na sha koko da ƙosai a bakin titi, na ci waakye, wanda ba komai ba ne illa wake da shinkafarmu da aka dafa da karan dafi ya yi ja, sunan ma daga wake ya fito. Gidan su Hajiya kuwa ban same shi ba. Kwatancen da ta ba ni, wai kusa da masallaci, akwai famfo a ƙofar gida. A Zango! Na zagaya har ƙafata ta yi bororo. Na shiga gidan tarihin fadar Manhyia, na ga kayan sarakunan Asante, ya yi kyau, za ku gani a wani bidiyon. A kasuwar Kejetia kuma wata mai sayar da kifi ta wanke ni tas saboda na ɗaga kyamara ban tambaya ba. Ta fara da Twi, yaren Asante, da ta ga ban gane ba ta dawo Hausa. Gaskiyarta ce. Tun daga ranar, sai na yi sallama na nemi izini.

To, alhamdu lillahi, ga mu a Salaga. Rana ta yi sanyi, hasken ya yi daidai, irin wanda ba ya ƙona fuska a hoto.

Duk ɗan Kano ya san kalmar Gwanja ko da bai san inda take ba. Goro ɗan Gwanja. To nan ce ƙasar Gwanja, kuma abin mamaki ko bishiyar goro ɗaya ba za ka gani ba. Ku duba, kaɗanya ce da dorawa da kuka, kamar kana hanyar Bichi. Goro a kurmin Asante yake, can kudu. Sarakunan Asante ba sa barin fatakenmu su shiga kurmin, sai a ɗauko goron a ka a kawo shi nan, a haɗu a yi ciniki. Ayari ya taso daga Kano, madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, a ƙetare Kwara, a ratsa Borgu, a biyo ta Yendi, wata da watanni ana tafe ana biyan fito da kuɗin hanya. Su kawo kanwa da baƙin Kano da jar fata da gabu, su koma da huhun goro a bayan jakuna, ana kwancewa a hanya ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace. Inda ayari ya sauka ya kwana shi ne zango, shi ya sa har yau unguwar baƙi Musulmi a Gana Zango ake ce mata.

A gidanmu labarin da aka rene mu da shi ke nan. Kakan Hajiya, wanda ake ce wa Baba Tsoho, bafatake ne, ya yi Gwanja sau da yawa har ya zauna. Da shi ake mana kirari in mun yi lalaci: jikokin wanda ya taka daga Kano zuwa Gwanja ne za su kasa zuwa kasuwar Kurmi?

Garin Salaga ya fara karyewa bayan 1874, da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga hannun Asante, su kuma suka toshe goro. Sai yaƙin basasa na 1892 a kan sarautar Kpembe, ga ta can ba nisa, ya ƙarasa shi. 'Yan kasuwa suka watse, wasu Kintampo, wasu Yeji, wasu Kete-Krachi. Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi, can ya rasu a 1934. Namu daga baya suka gangara Kumasi.

Wannan dattijon da kuke gani shi aka haɗa ni da shi a masallaci bayan la'asar. Baba, a gaida jama'a. Ya ce yana gaishe ku. Na nuna masa hoton, ya riƙe shi da nisa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaro, fuskan dai na mutanenmu ne, amma wanda zai san gidanku ya daɗe a ƙasa." Na ce to Baba, a nuna mini kasuwar da kakanni suka ci. Ya ce in biyo shi.

Ga wurin. Da na zo da sandar kyamara a kafaɗa, a raina hoton da zan ɗauka shi ne ni tsaye a inda Baba Tsoho ya kwance huhun goro, in buga shi babba in rataye a falo. Allon da ke wurin kuwa bai ce kasuwar goro ba. Kasuwar bayi ya ce. Mutane ake kawowa daga arewa, musamman Gurunsawa da mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu suka riƙa kamowa a shekarun 1880, a ɗaure su a nan cikin rana, a yi musayarsu da goro da wuri.

Daga nan Baba ya kai ni wajen rijiyoyi. Salaga garin rijiyoyi ne, ramuka ne birjik a cikin dutse, in ba ka kula ba sai ka zurma. Na tambaye shi sunan wurin. Ya ce Wankan Bawa. Nan ake wanke su a shafa musu man kaɗanya kafin a kai su kasuwa. Akwai kuma inda ake jefar da waɗanda suka mutu, shi kuma Rafin Angulu. Jama'a, ba wanda ya fassara mini. Ba Gwanjanci ba ne, ba Twi ba ne, ba Turanci ba ne. Da harshen da nake muku magana yanzu aka raɗa wa wuraren nan suna.

Na ɗauki hoto uku na rijiyar, duk sun karkace. Wanda na yi niyyar ɗauka ina tsaye ina murmushi, ban ɗauka ba.

Yanzu dare ya yi, ina masauki, batir ɗaya ya rage mini, don haka zan taƙaita. Bayan isha'i na kira gida, ƙanwata ta kai wa Hajiya waya. Na nuna mata hotunan Kumasi, ta ce duk an ɓata garin da gine-gine. Na nuna mata rijiyar, na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na ce, "Hajiya, Baba Tsoho goro kaɗai yake saye a Salaga?"

Ta yi shiru har na ɗauka layi ne ya yanke. Sai ta ce, "Kai dai da tone-tone. Iya da ta haifi babana fa, a ina kake tsammani ya samo ta?"

Ta ce ta tarar da ita da rai, tsohuwa mai tsage a fuska irin wanda ba na Hausawa ba. In tana daka ita kaɗai takan yi waƙa da wani yare da ba wanda yake ji a gidan. Sunan da aka san ta da shi a gidan aka sa mata, na wajen iyayenta ba wanda ya taɓa tambaya. Na ce Hajiya me ya sa ba a taɓa gaya mana ba? Ta ce, "Wa ya tambaya?" Sai ta koma maganar goro, wai kar in kuskura in dawo ban riƙo mata fari ba, ƙwarya guda, kuma in sa a naɗe shi da ganye, ban da leda.

Da gobe da asuba za mu kama hanyar Tamale, mu wuce Larabanga in ɗauki farin masallacin nan na ƙasa, mu kwana a gandun dajin Mole ko Allah zai haɗa mu da giwaye. Na gaya wa direba a ɗaga zuwa jibi. Baba ya ce da hantsi haske yana sauka har cikin rijiyoyin, kuma akwai wata tsohuwa a bayan kasuwa da take jin Gurunsanci. Hajiya ta ce tana iya tuna baiti ɗaya na waƙar, ƙanwata za ta ɗauko muryarta ta turo mini da safe. Sai da safenku.