Yadda Nuropeptayid Ke Juya Akalar Jijiyoyin Hanji

Da zarar kun haɗiye loma, zance ya fita daga hannunku. Daga nan ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100 da ke shimfiɗe cikin bangon hanji ne ke karɓar aiki, kuma suna iya motsa hanji ko da ba su ji daga ƙwaƙwalwa ba.

Da sinadarai suke magana da juna. Saƙon asetilkolin, ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, kan isa ya wuce kafin ƙiftawar ido. Nuropeptayid kuwa, wato gajeruwar sarƙar amino asid (tubalan ginin furotin) da ƙwayar jijiya ke haɗawa da kanta, ba ya gaggawa. Tasirinsa kan ɗauki daƙiƙoƙi, wani lokacin har mintuna, kuma a nan amfaninsa yake.

Mu matsa kusa da ƙwaya guda. Ga nuropeptayid mai suna sabstans P, mai amino asid 11, wanda Ulf von Euler da John Gaddum suka gano a 1931 cikin hanji da ƙwaƙwalwar doki. Idan ya manne wa makarɓinsa, wato gurbin da ke karɓar sa a jikin ƙwayar, sai wasu ƙofofin da fotasiyam ke fita ta cikinsu su rufe. Caji ya taru a ciki, ƙwayar ta zauna a ɗane kamar kunamar bindiga: ɗan saƙon da a da ba za ta kula shi ba, yanzu ya isa ya tayar da ita.

To, ku dubi lomar tana tafiya. A bayanta, sabstans P da asetilkolin na sa tsoka ta matse. A gabanta, wani nuropeptayid mai suna VIP, wanda aka gano a 1970, tare da sinadarin naitirik oksayid, na sa tsoka ta saki. Matsi a baya, sassauci a gaba, haka abinci ke gangarawa.

VIP kuma yana sa bangon hanji ya fitar da ruwa. Akwai wani ƙari, galibi a fankiriyas (wata gaɓa a bayan tumbi), da ke zubo VIP fiye da kima, sai mai shi ya yi ta gudawa tsagwaron ruwa.

Enkefalin, wani nuropeptayid ɗin, shi ne mai taka birki. Yana hana jijiyoyin sakin asetilkolin, sai hanji ya lafa. A kan makarɓan dangin ofiyom yake sauka, inda kodin da tiramadol ma ke sauka, shi ya sa masu shan su ke fama da taurin bayan gida. Ta wannan ƙofar ce kuma maganin loferamid ke tsayar da gudawa.