Dajin da ya hana ɗiyarmu barci, yau na zo na gan shi da idona

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da iskar da ke kaɗa wayar, yau ba a ɗaki nake ba, a tsakiyar daji nake, kuma wallahi farin cikin da nake ciki ya fi gaban a faɗa. Wannan shi ne dajin Paimpont, a yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin Faransa, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka daga Rennes inda nake karatu. Mutanen nan sun fi kiransa da sunansa na almara, Brocéliande. Ku duba koren nan. Ku duba yadda gansakuka ta lulluɓe itatuwa har sama. Allah mai iko!

Littafi ne ya kawo ni. Ɗiyar yayana, wadda a nan aka haife ta, shekararta 15, ta samu wani ƙaton littafi mai bango kore da zanen ganyaye, sai ta daina jin kira. A kira ta cin abinci, shiru. A kashe fitila, ta kunna ta waya cikin bargo. Na ce mata, "Ke, me ke cikin abin nan haka?" Ta ce, "Gwaggo, ki karanta shafi goma kawai, in kin iya ajiyewa ki dawo mini da shi." To jama'a, na karɓa, ban ajiye ba. Ba zan faɗi sunansa ba don ba talla nake yi ba, kuma irinsa sun cika kasuwa. Labarin wata budurwa ne, 'yar mai haɗa magani, da ta shiga wani daji da aka hana shiga don neman ƙanenta. Dajin yana da rai, hanyoyinsa suna sauya wuri da dare, kuma ba ya barin kowa ya wuce kyauta: duk wanda ya shiga sai ya bar wani abu da yake ƙauna. A ciki ta haɗu da saurayin da aka ɗaure wa alƙawarin gadin dajin, wanda in ya taka waje itatuwan za su bushe, ƙauyukan da ke gefe su rasa ruwa. Sun fara da gaba, suka koma jin tausayin juna, daga nan sai abin da kuka sani. Abin da ya kama ni shi ne marubuciyar ba ta yi wa dajin riƙon sakainar kashi ba. Ta san sunan kowane icce, ta san ƙamshin ƙasa bayan ruwa, ta san kukan tsuntsun da ke fara tashi kafin asuba. Har na fi damuwa da makomar dajin fiye da auren yaran.

Yuro 19 da 'yan kai aka sayo shi, wato wajen jikka 12 da rabi a kuɗinmu na sefa. Littafi ɗaya! Kuma kada ki wahalar da kanki da yawon neman sauƙi, tun 1981 akwai doka a ƙasar nan cewa sabon littafi farashinsa ɗaya ko'ina, ragin da mai shago zai iya yi miki bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Ba ciniki, ba "albarka", ba "ƙara mini". Amma duk da tsadar, ki shiga shagon littattafai ranar Asabar ki ga 'yan mata zaune a ƙasa gaban kantar irin waɗannan labarai na soyayya da tsafi, kowa da nata a hannu. Gwamnati ma tun 2021 take zuba wa matasa kuɗi a wata manhajar waya don sayen littattafai da shiga sinima.

Iyaye mata da ke zaune a Turai, a nan zan ja kunnenku, don ni na duba da kaina. Ba duk littafi mai kyakkyawan bango da zanen fure ba ne na yara. Akwai waɗanda bangonsu iri ɗaya ne sak da na ɗiyarmu, amma na manya ne, abin da ke ciki baki ba ya iya faɗa. Ki buɗe shafukan farko ko na ƙarshe, inda ake rubuta bayanin maɗaba'a da ƙananan baƙaƙe. In an buga shi don yara da matasa a Faransa, za ki ga an ambaci dokar 16 ga Yuli 1949. Ko kin ga hakan ma, ki karanta babi biyu uku a tsakiya, don abin da su suka ɗauka daidai ga 'yar shekara 15 ba lalle ya zama namu ba. Ni dai ban hana ta karatu ba, gara littafi da raba dare ana latsa waya, amma yanzu komai sai ya bi ta hannuna.

To, mu koma daji. Yarinyar ce ta ce mini ai akwai dajin tsafi na gaske kusa da mu, har makarantarsu ta taɓa kai su. Ga mu.

Inda na fara tsayawa shi ne wurin da suke kira kabarin Merlin, wato babban bokan nan na labaran Sarki Arthur, wani sarkin almara na Turawa. Jama'a, na zo da tunanin zan ga gini. Ga abin da na tarar: 'yan duwatsu jajaye a tsugune, kamar duwatsun murhun gidan biki, an kewaye su, shi ke nan. Asalinsu ma kabari ne na mutanen zamanin dutse, dubban shekaru kafin a san wani Arthur, aka farfasa shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma a cikin ƙarnin nan ne masana suka laƙaba masa sunan Merlin. Amma ku ji labarin da aka rataya masa. Wai bokan ya kamu da son wata aljana mai suna Viviane, ta riƙa lallaɓarsa yana koya mata sirrinsa ɗaya bayan ɗaya, har ya koya mata yadda ake ɗaure mutum ba igiya ba bango. Da ta iya, sai ta ɗaure shi da kansa a cikin kurkukun iska don kada ya taɓa barinta. Kuma wai yana sane, ya yarda. Saboda wannan labarin kaɗai mutane ke tahowa daga ƙasashe, motoci cike. Za ku ga 'yan takardu an cusa a tsagar duwatsun, mutane na rubuta buƙatunsu suna bar wa Merlin. 'Yan uwana Musulmi, in kun zo ku kalla ku wuce. Kada wani ya ce miki wasa ne, rubuta ki saka. Roƙo na Allah ne shi kaɗai.

Wurin da ya fi burge ni shi ne kwarin da ke kusa da ƙauyen Tréhorenteuc, wanda suke cewa wanda ya shiga ba ya komowa. Duwatsun jajaye ne, ruwan rafin ma yana da ja-ja saboda ƙarfen da ke cikin ƙasar, don da can ma ana narka ƙarfe a Paimpont tun ƙarni na 17. A labarinsu, Morgane, 'yar uwar Sarki Arthur, ta kama masoyinta da wata, sai ta yi wa kwarin asiri: duk namijin da ya ci amanar mace, in ya shigo ba zai ga hanyar fita ba. Jarumai suka yi ta maƙalewa, har sai da wani jarumi mai suna Lancelot ya zo ya karya asirin, shi da zuciyarsa ba ta taɓa barin mace ɗaya ba. Matan da muka hau tudun tare, Faransawa ne tsofaffi, da mai jagora ya kai nan sai suka kama tafi. Ashe ciwon ɗaya ne ko'ina. Na tuna wata ƙawata da aka yi wa alƙawari shekara da shekaru, mutumin ya samu takardun zama a wata ƙasa, daga nan ko sallama. In kina kallo, ina gaishe ki, Allah ya musanya miki da mafi alheri.

Ga kuma iccen zinariya, bari in matso. A watan Satumba na 1990 gobara ta ci ɗaruruwan hekta a nan. Da aka kashe ta, jama'a suka fito aka sake dasa itatuwa, sannan a 1991 wani mai fasaha, François Davin, ya ɗauki kututturen icce da ya ƙone ya lulluɓe shi da ganyen zinariya, ya bar wasu baƙaƙe ƙonannu kewaye da shi. Masifa ce ta same su, suka mai da ita abin zuwa kallo. A 2022 ma wuta ta sake tashi a wani gefen dajin lokacin zafin nan mai tsanani.

Akwai wata maɓuɓɓuga can ciki, Barenton, ruwanta sanyi ƙalau amma yana fitar da ƙwayoyin iska kamar zai tafasa. Suna cewa in ka zuba ruwan a kan dutsen da ke gefe, hadari zai taso. Tun ƙarni na 12 wani mawaƙi ya zo neman abin al'ajabi a nan, ya koma ya rubuta cewa bai ga komai ba. Shekara fiye da 800 ke nan, kuma ba a fasa zuwa ba.

Nan ne fa zuciyata ta tafi gida, har na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Dajin nan kyakkyawa ne, ba na musu. Amma me suke da shi na labari da ba mu da ninkinsa? Mu da muke da gawo, iccen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, sannan ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. A ba marubuciyar can icce irin wannan, littafi uku za ta fitar. Muna da tsamiya da aka hana mu zama ƙarƙashinta da tsakar rana. Muna da kuka mai kogo da ake cewa gari guda ne a ciki. Muna da mafarauta da kirarinsu, da layar zana, da baduhu, da labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama kura da dare. Muna da Dodo da ke tsare ruwa sai an ba shi budurwa, da 'yar bora da ta bi rafi ta dawo da arziki saboda ladabinta. Kakata kaɗai, Allah ya jiƙanta, in ta ce "ga ta nan ga ta nanku" a tsakar gida, abin da za ta zuba kafin mu yi barci ya fi abin da mai jagoran nan ya faɗa mana yau duka. Tafkin Madarunfa na ƙasar Maradi da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, wa ya rubuta masa littafin da zai hana yarinya barci?

Na san muna da marubuta, kuma ina alfahari da su. Tun shekarun 1980 matan Kano suke fitar da littattafan soyayya, yanzu kuma sun koma waya, ana biyan kuɗi a shiga zauren WhatsApp, ana saurare a YouTube. Ni ma da su na girma, a ɓoye cikin littafin makaranta. Amma ku faɗi gaskiya, soyayyar kullum a ina take? Gidan bene a Abuja, jirgi zuwa Dubai, saurayi mai kamfani. Littattafan yaƙi kuma su kwashe mu zuwa wasu birane masu sunan Larabawa da ba a taɓa gani ba. Na aljanu ma akwai, amma aljanin sai ya biyo yarinya har ɗakinta mai na'urar sanyi. Dajinmu fa? Ina budurwar da za ta shiga dajin Baban Rafi neman saiwar magani ta haɗu da ɗan sarkin dawa?

Kuma abin da ya fi ci mini rai, yau in ka ce Baban Rafi ko dajin Rugu, ba tatsuniya ke zuwa ran mutum ba, 'yan bindiga ne. Yaran da ke tasowa a Gabi ko Safana, daji a wurinsu inda ake kai mutanen da aka sace ne. Ni ga ni nan ina yawo da yarinya cikin hekta dubbai na itatuwa, abin tsorona kawai kada ruwa ya jiƙa mu. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya mayar wa manoma da makiyaya dazukansu. Marubuta mata da ke kallona, na san kuna nan, don kuna yi mini magana: don Allah wata ta gwada. Ki je wurin tsoho mafarauci ki zauna, ki tambayi sunan itatuwa, ki rubuta shi da Hausa mai daɗi. Ni ce ta farko da za ta biya, kuma zan zauna in karanta wa ɗiyarmu, ko Hausarta ta ƙara ƙarfi.

Wanda zai zo, ya saurare ni da kyau. Kada ki zo da takalmi silifa, laka za ta cinye shi, ruwan Bretagne ba ya sallama. Ki sa dogon wando ƙarƙashin zane ko abaya ki cusa shi cikin safa, saboda kaska. Ƙanana ne ƙwarai, suna cikin ciyawa, kuma suna sa wata cuta mai wahalar magani in ba a gano da wuri ba. In kin koma gida ki duba jikinki da na yara. Yawancin dajin nan na masu shi ne, ba na gwamnati ba, kuma daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ana rufe wasu hanyoyin saboda farauta, in kin ga allo kada ki ce bari in ɗan leƙa, harsashi ne. Abinci kuma ki zo da naki. Wainar baƙin garin nan da suke naɗewa a Rennes, tsiren da ke cikinta na alade ne, kuma ruwan tuffa da ake kawowa a ɗan kwano giya ce, ko da sun ce miki mai sauƙi ce. Mu dambun nama muka zo da shi da burodin yuro 1 da 'yan kai, ya ishe mu.

Wuraren nan kuma suna da nisa da juna, ba a gama su da ƙafa daga tsakiyar ƙauye, sai da mota ko keke. Mu wani ɗan uwa ɗan Damagaram ne ya taimaka ya kawo mu, kuma ga shi can yana ɗaga mini hannu, yana da aikin dare a Rennes, ga la'asar ba mu yi ba. Gidan sarautar Comper da tafkin da suke cewa fadar Viviane na ƙarƙashinsa sai wani zuwan. Ku rubuto mini sunan dajin garinku da abin da aka ce yana cikinsa, ina so in tara su. Sai mun haɗu, a gaida mutan gida.