Yadda Ake Zuba Kankaren Gareji a Zafin Kano

Assalamu alaikum jama'a. Wannan filin da kuke gani a gefen gida, tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa mita 4. Gareji za a yi a wurin, kuma duk abin da za mu nuna ya shafi mai gina sito, ko shago, ko ɗakin janareto a bayan gida. Za mu bi aikin tun daga ƙasa har ranar da mota za ta hau. Amma tun yanzu ina so ku sa ido a kan ruwa, domin a yawancin wuraren aikinmu ana cika shi lokacin kwaɓi, sannan a yi rowarsa bayan an gama zubi. Juya abin ya kamata a yi.

Mu fara da ƙasa. Kano gari ne mai kududdufai. Mutanen zamanin da sun haƙi ƙasa sun yi gidaje da ganuwa, ramukan suka tara ruwa, daga baya aka cike da yawansu da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Saboda haka kafin a sa diga, ka tambayi dattawan unguwa abin da ke wurin shekarun baya. In suka ce maka kududdufi ne, tsaya ka nemo injiniya ya duba. Kankare ba ya rataye a iska. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce take ɗauke da shi, in ta lotsa sai ya bi ta, komai yawan simintin da ka zuba.

In wurin mai kyau ne, a kwashe ƙasar sama gaba ɗaya, da saiwoyi da ledoji da duk abin da zai ruɓe. Sai ciko. Ga inda ake yawan gaggawa: tifa ta juye burji, lebura ya baje da shebur, a ce an gama. Ba a gama ba. Ana zuba cikon ne hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce inci 6, a yayyafa masa ruwa ya yi danshi, a daddaɓe shi sosai, sannan a ɗora na gaba. In akwai injin daddaɓe ƙasa a ɗauko haya, kuɗinsa ba ya kai kuɗin fasa daɓe a sake. In babu, a yi da ƙarfe mai nauyi ko kututture, a bi lungu-lungu, musamman jikin bango inda hannu ba ya son zuwa. Iyayenmu mata da suke daɓen ɗaki da madaɓi da ruwan makuba sun san wannan tun tuni, shi ya sa suke wuni a kan ɗaki ɗaya suna bugu. Kalli nan: mun tura baro cike da yashi a kan cikon, tayar ba ta bar rami ba. Haka ake so.

Ka tuna da ruwan Agusta. Daɓen garejinka ya ɗara titi da kwatar ƙofar gida tsayi, in ba haka ba duk damina za ka riƙa kwarfar ruwa daga ƙarƙashin mota. Bayan nan a fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, inda biyu suka haɗu a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar taƙi guda. Aikin ledar biyu ne. Tana hana danshi tasowa daga ƙasa, kuma tana hana busasshiyar ƙasa tsotse ruwan kwaɓin tun kafin siminti ya amfana da shi.

Aikin kafinta ba shi da tsawo. Katako daga 'Yan Katako na Na'ibawa, a zaɓo miƙaƙƙe, a kafa shi da turaku masu ƙarfi. A ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. In tsawon biyun ya zo daidai, wurin bai karkace ba. A yi amfani da siririn tiyo mai ruwa a ciki a fitar da tsayi, a ba daɓen gangare zuwa ƙofa, kamar santimita 1 a kowace mita. A mita 6 kenan bakin ƙofa zai gaza can ciki da santimita 6, ido ba zai gani ba amma ruwan wankin mota zai san hanya. Bututun wayar lantarki da na ruwa a binne su yanzu. In kuma ginin zai fito bakin titi, ka fara zuwa hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, ka ji matsayinsa kafin ka kashe kuɗi.

Kauri fa? Inci 4 ya isa ƙaramar mota. In a-kori-kura mai kaya ko babbar mota za ta riƙa shiga, a yi inci 6. Ga lissafin wannan filin namu: da inci 4 za mu ci kankare kubik mita 2.4, kimanin buhu 15 na siminti. Da inci 6 kuwa kubik mita 3.6 ne, buhu 22 zuwa 23. Ka riƙe wannan lissafin a hannunka, Alhaji, domin in aka gama aikin da buhu 9, ba tattali aka yi maka ba.

Ragar ƙarfe ko rodi, ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ba ta hana kankare tsagewa, amma in ya tsage tana riƙe ɓangarorin kada su rabu ko ɗaya ya ɗara ɗaya. Sharaɗinta ɗaya: ta kasance a cikin kankaren. In aka shimfiɗe ta a kan leda aka zuba a kanta, an yi asarar kuɗinta. A ɗora ta a kan 'yan gutsattsarin siminti da magina ke kira biskit, ta tashi zuwa tsakiyar kaurin ko sama kaɗan.

Yanzu kayan kwaɓi. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na Dangote ne, ko BUA, ko Ashaka. A jikinsa za ka ga 32.5 ko 42.5, lambar ƙarfinsa kenan, kuma na 42.5 ya fi. Ka danna buhun da hannu. In ka ji dunƙule masu tauri waɗanda ba sa murƙushewa da yatsa, danshi ya riga ya shige shi, a mayar. Yashi kuma a kawo na kogi mai kaushi, ba mai laushin da ake shafe da shi ba. Ga gwajin da yaro ma zai iya: zuba yashin a kwalba ya kai rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta kwana. Yashin zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In lakar ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, kada a yi aiki da shi sai an wanke, domin laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Dutse kuwa na kwari, wato inda ake fasa dutse, mai girman milimita 20, marar ƙura.

Awon da aka saba shi ne 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi kashi 2, dutse kashi 4. Buhu ɗaya yana cika kwanon sarki biyu, don haka kowane buhu yana ɗaukar kwano 4 na yashi da kwano 8 na dutse. Ka ajiye mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai ƙirga. Idan rana ta take, gajiya ta zo, huɗu tana komawa shida ba tare da kowa ya yi niyyar cuta ba.

To, ga maganar ruwa. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwa yake da ruwa, su zama wani abu mai tauri da ke ɗaure yashi da dutse, kuma wannan haɗuwar tana ɗaukar makonni. Ruwan da yake buƙata a kwaɓi bai wuce rabin nauyinsa ba: buhu mai kilo 50, ruwa kimanin lita 25, wato jarka ɗaya irin ta mai garuwa. In yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage. Duk ruwan da ya haura haka ba shi da abokin haɗuwa. Zai zauna a cikin kankaren ya kama wuri, daga baya ya tsane ya bar ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Waɗannan ƙofofin su ne raunin daɓe.

Za ka ji lebura yana cewa, “Oga, a ƙara ruwa, ya yi tauri.” Gaskiyarsa, kwaɓi mai ruwa ya fi sauƙin ɗiba da bajewa, kuma shi ne yake ɗauke da kwano a ka cikin rana. Maganin wannan shi ne a ƙara yawan ma'aikata a samo injin kwaɓi, ba a buɗe tiyo ba. Dubi wannan shebur ɗin. Kwaɓin ya tsaya a kansa, yana sheƙi, yana zamewa a hankali in an karkata. In ka ga yana kwarara kamar koko, dutse na gefe ruwan siminti na gefe, an ɓata shi. Kuma don Allah a sama wa ma'aikata takalmin roba da safar hannu. Jiƙaƙƙen siminti yana cin fata, mutum ba ya ji sai dare ya ga ƙafarsa ta saluɓe.

Lokacin zubi a Kano abin lura ne. A watan Afrilu zafi yana kai digiri 40, kankare yana fara kamawa tun ba a gama baje shi ba. Hunturu kuma ya fi yaudara: ga sanyi, amma iskar busasshiya ce, tana zuƙe ruwan saman daɓe da sauri, sai ka ga 'yan tsage-tsage sun fito a ranar da aka zuba. Shi ya sa ake farawa da an idar da sallar asuba, ko a bari sai bayan la'asar. A tanadi komai tun daren jiya, ruwa a cikin duro, man inji, buhunan da za a rufe daɓen da su. Da an fara ba a tsayawa. In aka tafi cin abinci aka bar rabi ya kama, inda tsoho da sabo suka haɗu nan ne zai dare.

A fara daga kusurwar can ciki a riƙa ja da baya zuwa ƙofa. A tsattsaga kwaɓin da injin girgiza, ko da guntun rodi in babu, a bubbuga jikin katako iska ta fita. Sai mutum biyu su kama dogon katako miƙaƙƙe, su ɗora shi a kan katakon gefe, su riƙa jan sa suna karkaɗawa, a cike inda ya lotsa a kwashe inda ya yi tudu.

Daga nan sai haƙuri. Ruwa zai taso ya kwanta a sama yana ƙyalli. Kada kowa ya sa cokalin magini. In aka goge a wannan lokacin, an mayar da ruwan cikin fatar daɓen, kuma ita ce za ta riƙa fitar da gari duk lokacin da aka yi shara. Haka nan al'adar barbaɗa busasshen siminti a sama don ya shanye ruwan: ranar farko yana da kyau ƙwarai, bayan 'yan watanni sai ya riƙa ɓamɓarewa a ƙarƙashin taya. A jira ƙyallin ya tafi, har in ka danna da yatsa ya bar alama kaɗan ba tare da ya nutse ba. Sannan a bi shi da katakon shafe. Ni a gareji ban son daɓe mai santsi sosai, domin in man inji da ruwa suka haɗu a kansa yana kayar da mutum. Bayan katakon, a ja tsintsiya mai taushi a kai sau ɗaya, daga gefe zuwa gefe, ta bar siraran layuka.

Kankare yana ɗan tsukewa in yana tsanewa, kuma zai nemi inda zai tsage. Gara kai ka zaɓa masa wurin. A tsaga layi miƙaƙƙe duk bayan mita 2 da rabi zuwa 3, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato inci 1 a daɓe mai inci 4. A filin nan namu, layi ɗaya a tsaye ɗaya a kwance ya raba shi gida huɗu. Tsagar za ta bi ƙarƙashin layin, ba za ta yi yawo a tsakiyar gareji ba.

Yanzu ne lokacin sakin hannu da ruwa. Da zarar saman ya yi taurin da ruwa ba zai kwashe shi ba, a lulluɓe shi da buhunan algarara ko tsofaffin tabarmi, a jiƙa su sharkaf, a ɗora leda a kai saboda iska. Wasu suna kewaye gefen da yashi su tara ruwa ya kwanta a kai, wannan ma yana da kyau. Abin da ba ya aiki shi ne a watsa bokiti ɗaya da safe a tafi kasuwa; kafin hantsi ya bushe. Daɓen ya zauna a jiƙe dare da rana, aƙalla kwana 7. Na san ruwa kuɗi ne a unguwanni da yawa na Kano, shi ya sa nake cewa a sa kuɗin mai garuwa na mako guda a cikin lissafin aiki tun farko, kusa da kuɗin siminti. A kuma faɗi sunan wanda zai riƙa ban ruwan, domin magini ya karɓi kuɗinsa ya wuce wani aikin.

Katakon gefe ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu, a hankali kada a ɓalle baki. Mutum zai iya takawa a lokacin. A kwana 7 kankare ya samu kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi kuma sai kwana 28. Ƙaramar mota za ta iya shiga bayan mako guda, in an ƙara mata wani makon ya fi. Mai kaya kuwa ta ci gaba da kwana a waje har a cika kwana 28.