Na je neman coci, na tarar da mashaya

Jama'a, ku tsaya in juya muku kyamara ku gani da idonku. Kun ga ginin nan? Ku dubi hasumiyarsa, ku dubi tagogin nan masu gilashi kala-kala. Kowa ya gani zai ce coci ne. To yanzu giya ake sayarwa a ciki. Wata uku da suka wuce na tura wannan ƙofar da niyyar in durƙusa in yi kuka gaban Ubangiji, sai na tarar da wani saurayi yana goge kofuna daidai inda bagade yake a da. Har da murmushinsa, wai me zan sha. Jikina ya yi sanyi. Na fito na zauna a kan matakalar nan, hawaye na zuba.

Ba a nan Manchesta kaɗai ba ne, haka abin yake a garuruwa da dama a Ingila. A ƙidayar 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales kashi 46 ne cikin ɗari, karo na farko ke nan da suka gaza rabi. A 2011 kashi 59 ne. Mutanen da kakanninsu suka tsallaka teku da bishara! Yau in ka shiga majami'u da yawa ran Lahadi, mu baƙi ne muke cika kujeru, mu ne muke ɗaga murya a waƙa, kuma ba na ɓoye muku, abin yana yi mini daɗi.

A lokacin kaina ya ɗaure tamau. Kwangilar aikina ta kusa ƙarewa, bizata kuma a kanta ta rataya. Ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, awa 12 a tsaye, kuɗin haya ya lashe rabin albashi kafin in taɓa shi. Ga Disamba, ƙarfe huɗu ba ta yi ba rana ta faɗi. In dawo cikin duhu, in farka cikin duhu. Yayana ya ce kada in kuskura in dawo. Mama ta ce, "'Yata, in wahala ta yi yawa ki taho gida, ba wanda zai yi miki dariya." Wata ƙawata ta ce Kanada. Kowa da tasa, ni kuwa ko addu'a na fara sai in rasa abin da zan roƙa.

Bari in ja muku kunne a nan, don ni na ƙone. Akwai masu kiran kansu annabawa a intanet, za su ce sun ga takardunka a ruya, ka shuka iri, wato ka tura musu kuɗi kawai, ƙofa ta buɗe. Na tura wa wani kuɗin da ya isa cefanen mako biyu. Bayan kwana uku ya ce an ga wani sabon ɗauri, sai an ƙara. Duk wanda ya sa wa muryar Allah farashi, ku guje shi, ko da ya faɗi sunan kakarku daidai.

Wadda ta taimake ni wata tsohuwa ce, Baturiya, ta haura tamanin, a ƙaramar ikilisiyar da muke sujada a zauren wata makaranta. Ta ga idona ya kumbura ta jawo ni gefe. Na zazzage mata komai, ina jira ta ce in shiga azumin kwana bakwai. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da barci? Kin ci wani abu yau?" Gaskiya na ji haushi. Ina maganar rayuwata tana maganar abinci!

Sai ta buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, wanda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan gunkin Ba'al 450 a Dutsen Karmel, saƙon barazana ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa ya gudu jeji, ya zauna gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai yi masa faɗa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb Allah ya yi masa magana. Iska ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sannan wata 'yar murya siririya. Kuma abin da aka ba shi aiki ne na gabansa: koma, ka shafa wa wane da wane mai su zama sarakuna, ka nemo Elisha. Aka ƙara masa da cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, shi da yake ganin shi kaɗai ya rage.

Na sha karanta wurin nan, ban taɓa lura da barcin ba.

Na koma ɗaki na kashe waya kwana biyu. Na yi barci kamar gawa. Da na farka na ɗauko Littafi Mai Tsarki na Hausa da Mama ta cusa mini a jaka, bangonsa duk ya saɓule, rubutun hannunta a gefen shafuka. Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, kuma in ina cikin damuwa na Turanci ba ya ratsa ni kamarsa. Zabura 119 aya 105 ta ce maganarsa fitila ce ga ƙafafuna. Fitilar wancan zamani 'yar ƙarama ce ta yumɓu, da mai da lagwani, iyakarta ta nuna maka inda za ka taka. Ni kuwa so nake a haska mini shekara goma a gaba kafin in motsa.

Sai na daina tambayar Ingila ko gida ko Kanada. Na roƙi hikimar makon nan kawai, yadda Yakubu 1:5 ya ce a roƙa. Abin da ya fito mini fili guda biyu ne: in faɗa wa Mama gaskiyar halin da nake ciki, in kuma je wurin shugabar aikina in tambaye ta kai tsaye. Na yi duka biyun, gabana na faɗuwa.

Har yanzu takardun ba su fito ba, kada wani ya ce na ce. Amma ina barci, ina iya addu'a. Ran Laraba ma ni ce zan ja binciken Littafi a gidan tsohuwar nan, kuma Iliya za mu duba. Kai, ga bas ɗina can ta shawo kwana, in ta wuce ni sai na ƙara minti ashirin a sanyin nan. Ku sa ni a addu'a, 'yan'uwa.